Ranar da Aka Kai Injin Malam Daidai Gida

Duk wanda ya yi aiki da shi a masana'antar ya san inda sunan ya samo asali. Idan ka miƙa masa ƙarfen da ka gama ferewa, ba zai yabe ka ba, ba kuma zai zage ka ba. Ma'auninsa zai zaro daga aljihun gaba, ya ɗora, ya kanne ido ɗaya, can ya ce bai yi daidai ba. Tun abokan aiki suna jin haushi har suka koma dariya, sunan kuma ya biyo shi gida, ya zauna. Maƙwabta da dama ba su ma san yana da wani suna ba bayan Malam Daidai.

Da shara ya fara a wurin, yana ɗan saurayi, yana kwashe ɓarɓashin ƙarfe daga ƙarƙashin injuna. Daga baya wani tsohon ma'aikaci ya ja shi jiki ya tsayar da shi gaban injin feren ƙarfe, wato wanda ke riƙe sandar ƙarfe yana juya ta, kai kuma kana murza mariƙai kana sassaƙe ta har ta zama abin da ake so. A gaban wannan injin ɗin ya tsufa. Injin dogo ne, kore, fentin ya goge a duk inda hannu ke taɓawa. Yana da kai mai nauyi a hagu, inda motar da ke juya shi take, da siririyar wutsiya a dama, mariƙan kuma duk a gaba suke, wajen cikin mai aiki. Bayansa kuwa bango yake kallo tun ranar da aka kafa shi. Da abin da injin nan ya fere Malam Daidai ya yi aure, ya gina ɗakunansa a ƙarshen wani lungu, ya sa yara a makaranta.

Masana'antar ba rana ɗaya ta mutu ba. Aiki ya riƙa ja baya, ana sallamar mutane kaɗan-kaɗan, har wata safiya aka tara ragowar aka yi musu godiya. Da Malam Daidai ya ji za a sayar wa 'yan gwangwan injunan su yanka su auna a sikeli, sai ya je ofishin manaja ya tsaya. Bai iya roƙo ba, bai taɓa koya ba, tsayuwar kawai ya yi yana murza hularsa. Manajan ya gane. Ya ce masa in zai iya fitar da nasa kafin masu yankan su iso, ya ɗauka, halak malak.

A gida ne aka samu matsala. Babban ɗansa, wanda ke aiki a kantin magani, ya ce shi bai ga dalili ba. Ga ciwon baya, ga hawan jini, mutum ya yi wa ƙarfe bauta iya rayuwarsa, yanzu kuma a kawo masa ƙarfen har gado? Ba rashin kunya yaron ya yi ba, tsoro ne ya sa shi, shi ne mai kawo wa uban magani duk wata. Amma Malam Daidai ya ga abin da zama ya yi wa abokan aikinsa da aka riga shi sallama. Ya gan su a ƙofar gidajensu kan benci, suna gaida duk mai wucewa, suna tsawaita gaisuwar don kada mutum ya tafi da wuri. Wannan bencin yake tsoro fiye da hawan jini. A ƙarshe aka yi matsaya: ɗan zai ɗauki nauyin kawo injin, sau ɗaya tak. In ya shiga ya zauna, shi ke nan, Baba ya buɗe shagonsa. In bai yiwu ba, a kira 'yan gwangwan, kuma kada a sake tada maganar.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana wurin aka yi matsayar. Washegari dai ta kwashe tarkacenta daga dogon ɗakin nan na gaba, mai ƙofa a bakin lungu, ta ce ga shi nan.

Ya auna ɗakin ya fi a ƙirga. Ya auna ƙofa, ya auna faɗin lungun tun daga bakin titi, ya koma masana'anta ya auna injin. Ɗakin siriri ne, kuma magudanar ruwan gidan ta ƙarƙashin rabinsa ta bi, siminti ne kawai marar kauri ya rufe ta, ba za ta ɗauki nauyi ba. Don haka sai ya sa aka zuba kankare mai kauri a ɗaya rabin, jikin bangon da ya raba ɗakin da ɗakin kwanansu. Injin zai jingina da wannan bangon, shi kuma ya tsaya a kan magudanar. Da kankaren ya bushe ya shiga can ƙurya, ya juyo yana fuskantar ƙofa, ya zana wa injin mazauni da alli.

Ranar ɗauka ya riga kowa zuwa. Ya naɗe kowane mariƙi da tsumma, ya bi jikin injin da buhuna, ya lulluɓa tamfol, ya ɗaɗɗaure da igiya, har abin ya tashi daga kamannin inji ya koma wani dogon ƙunshi. Direban motar ƙugiya mai ɗaga kaya ya tambaye shi ko jariri ne za a ɗauka. Da aka sarƙafa sarƙa aka fara ɗagawa, sai Malam Daidai ya tuna bai taɓa ganin ƙasan injin ba, bai taɓa tunanin abu ne da zai iya barin ƙasa ba. Ƙunshin ya yi lilo a sama, ya juya, ya sake juyawa a hankali, Malam Daidai yana bin sa yana zagayawa da hannuwa a sama kamar zai tare. Kafin a dire shi a bayan mota, shi kansa ya rasa ina ne gabas.

Motar ba ta shiga lungun, wannan ya sani tun farko. A bakin titi 'yan dako suke jira da katakai da bututun ƙarfe da wata igiya mai kaurin damtse. Shugabansu wani gajere ne mai faɗin ƙirji da ake ce wa Sarkin Dako, ba ya son dogon bayani. Sai ga ƙanin Inna ma ya iso, wanda ba a gayyata ba, direban tasi ne da ya ajiye motarsa takanas don ya zo kallo. Tun ranar da Malam Daidai ya auri yayarsa yake tsokanarsa, bai kuma ga dalilin fasawa yau ba. Ya leƙa ƙunshin ya ce ashe mijin Yaya amarya ya yi a ɓoye, ga ta nan an kawo ta a lulluɓe.

Motar ta tare rabin titi. Masu motoci suka fara danna oda, masu babura suna kutsawa, direban ƙugiya yana ta cewa a yi sauri yana da wani aikin. Injin yana rataye a sama, yana ɗan juyawa. A cikin wannan hayaniya Sarkin Dako ya matso ya ce, “Baba, wane gefe ne zai fara shiga? Mai nauyin ko marar nauyin? Ka faɗa yanzu, don in ya shiga lungun nan babu wurin juya shi.”

Tambaya ce mai sauƙi, kuma ya san amsarta, ya ma zana ta da alli. Ya rufe ido ya nemo ɗakin. Ya ga kansa a ƙurya yana kallon ƙofa, kankare a dama. Ya buɗe ido, sai ga shi yana kallon lungun daga waje, kankaren kuma ya koma hagu. Ya sake rufewa ya tsayar da kansa gaban injin, kai a hagu, wutsiya a dama, kamar kullum. To amma hagun wa, nasa na cikin ɗaki ko nasa na bakin titi? Ya ɗaga hannuwa biyu yana jujjuya jiki a tsakiyar titi, ƙanin Inna yana tambayar jama'a ko wani ya san wannan rawar. Wata babbar mota ta saki oda a bayansa. Sarkin Dako ya ce su dai a sana'arsu mai nauyi ke yin gaba, ya ja sauran. Malam Daidai ya ji maganar ta yi kama da gaskiya, ga ta kuma daga bakin mai sana'a. Ya ce, “Kan. A fara da kan.”

Aka sauke shi a kan katakai, kai yana kallon lungu. Motar ƙugiya ta naɗe sarƙarta ta tafi.

Lungun gangare ne, daga titi yake sauka har ƙofar gidan. Aikin 'yan dakon ba turawa ba ne, riƙewa ne. Suka ɗaura igiyar a wutsiya, suka naɗa ta jikin turken wutar lantarki na bakin titi, mutum biyu suna sassautawa kaɗan-kaɗan. Injin yana mirginawa a kan bututu, wanda ya fita ta baya a miƙa shi ta sama a sa a gaba. Tsakanin ƙunshin da katangun lungun ko kyanwa sai ta matse. Malam Daidai ya so ya kasance a gaba, amma aka bar shi a baya, babu hanyar wucewa, sai leƙe yake ta saman kafaɗun mutane.

Kowa a lungun ya zama injiniya. Mai wanki ya ce a zuba ruwan sabulu a kan katakan. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce a kula mata da bututun ruwanta. Ƙanin Inna ya hau katanga yana ba da umarnin da ba mai ji. Wani ya ce a ja, wani ya ce a saki, masu igiya suka yi duka biyun, injin ya zabura ya yi gaba har sai da kowa ya yi salati, sannan ya tsaya cak. Amma ba wannan ne ke damun Malam Daidai ba. Akwai wani abu da ke sukarsa a rai tun daga bakin titi, irin abin da kan dami wanda ya fito daga gida bai tabbata ya kulle ƙofa ba. Ya laluba aljihu, ma'auninsa yana nan. Ya ƙirga bututu, sun cika. Ya duba igiya, lafiya lau. Ya rasa mene ne.

Rana ta take, ta karkata. Inna ta aiko da ruwan sanyi sau da yawa. Ɗan ya taso daga kanti ya tsaya a gefe da jakarsa a hannu, yana kallon uban fiye da yadda yake kallon injin.

A bakin ƙofa akwai 'yar matakala, ɗakin ya fi lungun zurfi. Aka jera katakai aka zurara injin a kai, ƙofar ta karɓe shi ba tare da ya gogi ko gefe ɗaya ba, abin da ya sa Malam Daidai ya ɗan ji daɗi, don awonsa ne. Wutsiya na gama shiga katakon ƙarshe ya karye, ƙaras, amma an riga an wuce wurin. Da sandunan ƙarfe suka riƙa banƙara shi suna matsar da shi gefe zuwa kan kankare. Sai ya ƙi kaiwa layin alli. Sarkin Dako ya ce wani abu yana tokare bango ta baya, saura kamar tafin hannu. Malam Daidai ya ce ba zai yiwu ba, bayan injin a shafe yake, shi ya auna. Aka sake banƙarawa, ya ƙi. Ya ɗora tef ya auna daga bango, ya auna daga ƙofa, lissafin ya ƙi fita, shi kuma bai saba lissafi ya ƙi masa ba. 'Yan dakon sun gaji, suka ce tafin hannu ai ba wani abu ba ne. Suka zare bututunsu ɗaya bayan ɗaya, injin ya zauna da wani nishi da aka ji har cikin gida.

Aka yi ta barka. Ƙanin Inna ya ce to a buɗe fuskar amarya a gani. Malam Daidai ya kwance igiya, ya yaye tamfol, ya fara cire buhuna, hannunsa yana neman mariƙin farko a inda ya saba samunsa. Bai same shi ba. Ya cire wani buhun. Wani faffaɗan ƙarfe ne a gabansa, mai tsatsa da tsohuwar yanar gizo, da wata ƙaramar ƙofa da bai san da ita ba. Abin da ya fara zuwa masa shi ne an musanya masa inji a hanya. Har ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya ga kan injin yana damansa, ba hagu ba.

Ya leƙa ta sama. Ga mariƙan can a naɗe da tsummansa, sun tokare bango.

Kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Mai wanki ya ce a matsar da shi ɗaya gefen, aka tuna masa da magudana. Wani ya ce a juya shi a nan ciki, alhali tsawon injin ya ninka faɗin ɗakin. Wani ya ce a kwance shi gunduwa-gunduwa, Malam Daidai ya girgiza kai, gangar jikin zubi ɗaya ce. Sarkin Dako ya goge zufa ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba: wurin juyawa sai bakin titi, kuma abin da ya gangaro da igiya ba zai hau da igiya ba, ga matakala, ga katako ya karye, sai dai a nemo wasu mutanen da wasu kayan, a sake kiran motar ƙugiya, a sake tare titi. Ya ce shi ya tambaya, an kuma ba shi amsa. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa. Ko ƙanin Inna, da aka ba shi abin tsokana na shekara guda a kyauta, juyawa ya yi ya fita waje.

Mutane suka zame ɗaya-ɗaya. Ɗan ya matso, ya yi ƙasa da murya. “Baba, ka yi iya ƙoƙarinka, kowa ya gani. Mun yi magana sau ɗaya ne. Masu yankan suna iya zuwa da wutarsu su yanka shi a nan, ba sai an fitar ba. Ka zo ka zauna.”

Alkawari ne, Malam Daidai da kansa ya yarda da shi. Ba a cuce shi ba, ba a yi masa ganganci ba, bakinsa ne ya faɗa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne har yanzu in ya rufe ido ya sake lissafin, sai ya ga kamar kan ne ya kamata ya fara shiga. Ya tsaya a kan magudana, daidai inda ya shirya zai ƙarasa rayuwarsa a tsaye, yana kallon bayan abin da ya fi sani a duniya.

Sai ya ji ana jan wani abu mai nauyi a bayan bangon. Ya zagaya ta tsakar gida. Inna ce a ɗakin kwanansu, ta riga ta fitar da katifa, ta sauke labule da madubi, tana kokawa da gadon ita kaɗai. Ya tambaye ta me take yi. Ba ta dube shi ba, ta ce ya kama wancan gefen.

“Na aika ƙanina ya kira magini,” ta ce. “Abubuwan murzawar ba nan suke kallo ba? To a fasa bangon, ka tsaya ta nan.”

Ya ce ai nan ɗakinsu ne. A nan ta yi jegon yaran duka, a nan mahaifiyarta ta yi jinyar ƙarshe. Ya ce ba a fasa ɗakin kwana saboda ƙarfe.

Ta saki gadon ta miƙe. “Malam, tun da aka rufe wurin nan, kullum da safe sai ka yi wanka, ka sa kayan aiki, ka ɗaura takalmi, ka zauna a bakin gadon nan. Kana zaton barci nake. Sai rana ta fito sosai ka kwance takalmin a hankali don kada in ji. Ni na gaji da yin barcin ƙarya. Ɗakin ajiya na baya ya ishe mu, mu biyu ne.”

Ɗan yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya daɗe yana kallon takalmin uban. Sannan ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya ce Baba ya matsa, bayansa ba zai ɗauki gado ba.

Maginin ya zo ya ƙwanƙwasa bangon, ya duba sama, ya ce ba shi ke ɗauke da rufi ba, amma zai sa ƙarfe a saman wurin don hankali ya kwanta. Ya nemi a nuna masa iyakar inda zai fasa. Malam Daidai ya zaro tef, ya riƙe, ya kasa ɗorawa. Yau ba ya yarda da kansa. Inna ce ta karɓi allin ta ja layi a karkace, ta ce a bi nan.

Gudumar farko ta sa shi runtse ido. Fentin da ya shafa da hannunsa shekarun baya ya riƙa zubowa, ƙura ta cika ɗakin, bulo ya faɗa ta wancan gefen. Da ramin ya yi girman faranti, sai ga wani dunƙulen tsumma ya bayyana a ciki. Ya ce wa maginin ya dakata. Ya taka zuwa inda kan gadonsu yake a da, ya zura hannu, ya kwance tsumman. Mariƙin ya zauna a tafinsa, sanyi, sumul. Ya murza kaɗan, ya ji abin ya amsa daga can cikin ɗaya ɗakin.

Ya juyo yana neman Inna, bai san ko godiya zai yi mata ko haƙuri zai ba ta ba. Tana tsaye a tsakar gida da madubin a rungume, ƙura a gira, tana kallon ramin da aka yi a bangon ɗakinta, idonta ya cika. Da ta ga yana kallonta sai ta juya, ta ce wa maginin ya ci gaba kafin haske ya tafi.